Ƙarfe Mai Riƙon Zafi

Kakata, Iya Falmata, ba ta taɓa yi mana tatsuniya hannunta a sake ba. Bayan isha'i takan zauna gaban murhun banda a gidanmu na Haɗeja, tarwaɗa jere a kan raga, hayaƙi na cin idonmu. Daidai inda labari ya yi daɗi, nan za ta yi shiru ta hau juya kifi ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa mu yi ta magiya kamar mu yi kuka.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani masassaƙi da kada ya addabi garinsu, ya hana mata ɗiban ruwa. Aka kawo masa ƙotar mashi karkatacciya ya miƙar. Aikin sai a hankali: a gasa gefe, a juya, a bari ta huce. Amma jama'a sun cika masa ƙofa, yara na kukan ƙishirwa. Ya kasa jurewa, ya danna gefe guda cikin wuta. Ƙota ta miƙe a ido, tana hucewa ta sake lanƙwashewa. Aka jefa, mashi ya kauce, kada ya janye wanda ya jefa.

"Iya, ai laifin mutanen ne!" in ji ni.

"Kai, rufa musu asiri. Ƙishirwa suke ji. Shi ne ya san wuta."

Yau walda nake yi. Manoman fadama kan kawo mini shaf, sandar ƙarfen silba da ke juyawa cikin famfon ban-ruwa, in ya cinye in cike shi. Ƙarfe ne mai riƙon zafi. Ka tara masa wuta wuri guda sai ya karkace, ya kashe famfon gaba ɗaya. Layi ɗaya nan, layi ɗaya a ɗaya gefen, sannan ka janye hannu har ya huce.

A noman ranin bara wani dattijo, Malam Bukar, ya kawo nasa shaf ɗin, ya tsaya a kaina, alkamarsa na fidda kai babu ruwa.

"Don Allah, ɗana, ci gaba. Ko mu watsa masa ruwa?"

"A'a, Baba, sai ya huce da kansa."

Ya tsugunna yana kallon ƙarfen, tausayinsa ya cika ni har hannuna ya fara komawa kan aikin, na tsayar da shi. Ranar na daina ganin wautar masassaƙin nan.

Famfon ya yi aiki har girbi, amma kafin ruwa ya kai ƙarshen gonar, alkamar da ke fangulan can ta ƙone. Malam Bukar yana amsa gaisuwata in mun haɗu a kasuwa. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni kuma ban ga laifinsa ba.