Jar Fuska Daga Adarawo

Shekarar da muka gudo daga Mubi, da zani ɗaya na iso Jimeta. Ban zauna kuka ba. Dambun kifi na iya, shi na kama yi.

Daga baya ƙanwata ta saka sana'ar a waya. Ni ban yi boko ba, ita ke karanta mini abin da masu saye suka rubuta. Akwai wata manhaja da ke tace maganganun. Yabo ta manna masa koriyar fuska, ƙorafi ja. Ɗalibai ne ke rikita ta. Yaro zai rubuta, "Mama kin gama da mu, abeg a ƙaro," da tsiya da dariya a cakuɗe, ta rasa inda za ta ajiye shi. Waɗannan ba sa damuna. Gobe za su dawo.

Wadda ta dame ni wata Hajiya ce a unguwar Adarawo, cikin Yola. Duk wani suna ko biki na danginta ni ke yi musu dambu, rabin cinikina daga gidanta ne. Ba ta yabo. "An gani," shi ke nan. Ran nan sai ga doguwar addu'a ta rubuto, Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a.

"Adda, kore shar!" in ji ƙanwata. "Har da addu'a."

"Ta ce a kawo na Juma'a?"

"Ba ta ce ba."

"To sallama ta yi mana."

Dattawan Yola ba sa cewa abinka bai yi ba. Addu'a za su yi maka, su koma wani wuri.

Na hau keke na je da kaina. Muka gaisa, ta ba ni ruwa, muka yi hirar zafi da ta jikoki. Ba ta ambaci dambu ba. Sai da ta rako ni zaure ta ce, "'Yar'uwa, kogi ya daina ba da kifi ne?"

Na gane. Kogin Binuwai ya cika a lokacin, kifi ya yi wuya, na sayi tarwadar gidan gona. Babu wanda ya lura sai ita.

Na koma wurin masunta a bakin gada. Da na samu na kogi, na aika mata kwano ɗaya.

Washegari ƙanwata ta ɓata rai. "Adda, ja aka ba mu. Hajiya ce, wai barkono ya yi kaɗan, kuma a kawo uku ranar Juma'a."

Na ce, "Ɗora tukunya."