Wasiƙar Minista Ta Kusa Kayar da Ni a Manassas

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Bowie, wani gari a gefen Washington, ni da ƙanena mai tuƙin tasi a can. Unguwar tsit, kowane gida da mota biyu a ƙofa, ba mai tafiya a ƙasa ko ɗaya. Na tambaye shi ko ƙafafun mutanen nan na ado ne. Ya ce, "Yaya, ɗaura bel kawai."

Ga abin da ya kai ni. Ni ke riƙe da ɗan ofishinmu na binciken haɗurran sufuri a gida. Bara jirgin ruwan fasinja ya nutse mana. Na'urar da ta naɗi bayanan tafiyarsa tana kulle a kabad ɗina, ba mu da kayan karanta ta, iyalan mamatan kuwa ba sa barin ƙofata. Ƙungiyar masu irin aikinmu ta duniya tana taro a wani otal kusa da Manassas, membobinta kuma suna karanta wa juna irin wannan na'ura. Shiga ƙungiyar nake nema.

Babbar hanyar da ta zagaye Washington layi huɗu ce kowane ɓangare, amma cunkoso sai ka ce Kantin Kwari ana jibi salla, kuma ba mai danna hon. Bayan mun haye kogin Potomac muka sayi shayi a kofin takarda, salam ba daɗi, kuɗinsa kuwa ya isa kumallon gidana kaf.

A otal ɗin, wata dattijuwa mai furfura ce ke duba takardun masu neman shiga. Na fara miƙa mata wasiƙar ministanmu, mai hatimi, wadda na yi mako uku ina safa da marwa kafin in samu. A gida ai da ita ake buɗe ƙofa. Ta karanta, ta ce, "Wa ke sa hannu kafin rahotonku ya fita?"

Wallahi da alfahari na ce, "Minista da kansa."

Sai ta ajiye biro. A hankali ta yi mini bayani: dole doka ta raba ofis da ma'aikatar da yake bincika, rahoto ya fita ba da izinin kowa ba, kuma aikin na hana maimaituwar haɗari ne, ba na neman wanda za a ɗaure ba. Ashe da hannuna na kawo shaidar cewa ba mu cancanta ba. Kai, na ji kunya!

Ba ta sallame ni ba. Ta tambaye ni ko mun taɓa rubuta rahoton da ma'aikata ba ta so. Akwai ɗaya a ƙasan jakata, kan lasisin jiragen ruwa, wanda ya jawo mini takardar gargaɗi. Ta karanta shi tsaf, ta kira wani abokin aikinta, suka yi ƙus-ƙus. Cikakken memba dai babu sai an gyara doka. Amma sun ba mu kujerar 'yan kallo, mutumin kuma ya ce in aiko na'urar, ɗakin gwajinsu zai karanta mana. Na rasa bakin godiya, idona ya ciko.

A cikin Manassas matar abokin ƙanena, 'yar Maraɗi, ta sauke mu da dambun zogale. Na ci har ƙanena ya fara hararata. Ya ce, "Yaya, mutunci fa." Na ce a ƙaro.

Kafin magariba mun koma Bowie, kwana biyu bayan nan na sauka gida. Na gode wa Allah, na gode wa matar da ta gyara ni ba ta wulaƙanta ni ba. Shekara da shekaru ina ganin sa hannun babba ne ƙarfina, ashe shi ya ɗaure ni. Iyalan nan za su ji abin da ya cinye mutanensu, in sha Allahu. Ranar Litinin zan shiga wajen minista in gode masa, sannan in roƙe shi ya cire hannunsa daga aikina. Ku sa ni a addu'a, gabana na faɗuwa.