Tukunyar da Palomba Ta Ƙi Kullewa

Duk wanda ya zauna a birnin Salonik bayan yaƙin duniya na biyu ya san Palomba Nahmiyas, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, yatsunta sun rine da ganyen taba, don tun tana ƙarama take tsince ganye a kamfanin taba na bakin teku. In ma'aikata suka shiga yajin aiki, ita ce a gaba. In aka ce a koma, ita ce ta ƙarshe, tana tafe tana mita. Mahaifiyarta Sarota takan ce wannan yarinya da gardama ta faɗo duniya, ungozoma ma sai da ta yi musu da ita.

Gidansu yana unguwar talakawan Yahudawa, kusa da tashar jirgin ƙasa. Masu hali suna da kofunan azurfa da farantai masu zane da suke fitarwa a Idin Ƙetarewa, idin tunawa da fitar Yahudawa daga bautar Fir'auna. Su kuwa abin da suka mallaka tukunyar ƙasa ce guda, mai hannu biyu, ɗayan ya ɗan gutsure. Sarota ta gaje ta daga uwarta, ita ma daga tata uwar. Duk shekara tana saman kabad a nannaɗe cikin tsumma, ba ta saukowa sai an share gida kaf, an kawar da ɓurɓushin burodi da duk abin da yisti ya taɓa, don a Idin nan yisti haramun ne. Sannan a jera ƙwai a cikinta, a lulluɓe da ɓawon albasa, a barbaɗa garin gahawa, a zuba ruwa da ɗan mai, a kai tanderun unguwa ta kwana. Da safe ƙwan ya fito jajur har cikin gwaiduwa. Palomba ce mai ɗauko ta daga tanderu, ƙannenta na biye suna shaƙar ƙamshi, uwar na tsaye a bakin ƙofa tana ihu: "In kika fasa ta, ki wuce teku kawai, kada ki dawo mini gida!"

A shekarar da Jamusawa suka fara loda mutanenmu a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa, Idi ya kusa, Sarota har ta sauko da tukunyar. Ta rungume ta ta kai wa Fotini, wata Kirista mai wanki da suka daɗe suna mutunci, ta ce ta ajiye mata sai sun dawo. Gidan gaba ɗaya aka kwashe, uba da uwa da 'ya'ya. Palomba kaɗai ta dawo, kanta a aske, da lambar fursuna da aka zana mata a fatar hannu, ta tarar ko harsashin gidan babu.

Ba ta zauna kuka ba, ko kuma dai ba wanda ya gan ta tana yi. Ta koma kamfanin taba. Ta auri Mentesh, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ƙato mai sanyin hali wanda shi ma ya rasa matarsa da 'yarsa. Irin auren da ake yi ke nan a lokacin, kowa ya kama wanda ya rage. Ana saura 'yan makonni Idinsu na farko tare, Fotini ta hango ta a kasuwa, ta yar da kwandonta ta rungume ta, ta ja ta har gida.

"'Yata, ga amanar uwarki," in ji tsohuwar, tana miƙa mata tukunyar. "Ko tsagewa ba ta yi ba. Kuma kada ki ce na bar ta ta sha ƙura. Duk mako a cikinta nake kwaɓa kullun burodina, ina kwaɓawa ina ambaton Sarota. Kai, ba ki ga yadda kullu yake tashi a cikinta ba!"

Palomba ta leƙa cikinta. Tukunyar da tun zamanin kakanni yisti bai taɓa kusantarta ba, ga ta ta shekara uku tana renon kullu mai tsami. Amma wa zai ga laifin Fotini? Mutane nawa ne aka ba su ajiya a garin nan suka rantse ba su taɓa ganin mai ajiyar ba? Palomba ta sumbaci hannun tsohuwar, ta ce, "Allah ya saka miki, Goggo," kuma har Fotini ta mutu ba ta taɓa gaya mata abin da ta yi ba.

A gida Mentesh ya juya tukunyar, ya shinshina, ya ce, "Wa ya sani? Daga ni sai ke sai tsohuwar. Ki wanke ta da ruwan zafi, ki zuba ƙwanki, mu yi shiru."

"Kai dai komai shiru! Uwata ba ta taɓa ɗora ƙarya a teburin Idi ba, ni ce zan fara?"

"To ki ajiye ta mana."

"Kai ma sai in ajiye ka."

Washegari ta ɗauki tukunyar ta nufi wurin Haham Barzilai, malamin da ya rage mana. Kafin yaƙi yara yake koyarwa. Ya dawo kansa fari fat, ba mata, ba ɗansa guda ɗaya da Allah ya ba shi, yana kwana a wani ɗan ɗaki bayan majami'a, ɗakin ibadarmu. Ta dire tukunyar a kan teburinsa, ta faɗa masa komai ba ragi.

Ya shafa gutsurarren hannun tukunyar. Sannan ya ce, "Da ta ƙarfe ce, sai a tafasa ta. Da gilashi ne, sai a jiƙa. Amma ta ƙasa, abin da ta sha ya zauna a jikinta, ba ya fita."

"In sa ta a wuta ta yi ja?"

"Ta fashe."

"In nutsa ta a teku mako guda?"

"Palomba, ko shekara. Ki wanke ta tas, ki kulle a kabad har Idi ya wuce. Bayan nan ki dafa abin da kika ga dama a ciki."

"Kulle?" Muryarta ta tashi har mai sharar majami'a ya leƙo. "Haham, an kulle uwata, an kulle ƙannena, an kulle ni. Duk gidanmu wannan kaɗai ce ba a kama ba. Ita ce zan kulle da hannuna, ranar da muke cewa an fitar da mu daga bauta?"

"Ba ni na kafa dokar ba, 'yata."

"Na sani. Shi ya sa ban zage ka ba." Ta ɗauki tukunyarta, har ta kai ƙofa ta juyo. "Me dai aka hana?"

"Ci ko shan abin da ya shiga cikinta."

"Na ji. Ka zo ka ci Idi a gidana. Kada ka ce a'a, na san ba ka da inda za ka."

Ranar Idi da magariba ya zo da littafinsa a hammata. Ɗakin guda ne, teburin aro ne, baƙin kuwa 'yan tsiraru, duk irin waɗanda ba su da kowa. Ga gurasa marar yisti, ga ganye mai ɗaci, ga ƙwai da ta dafa a sabuwar tukunyar gwangwani, tana dafawa tana tsaki. Haham ya waiga dama da hagu, bai ga tukunyar ƙasa ba, hankalinsa ya kwanta. Bai san Palomba ba.

Aka yi ta karatu har aka zo wurin annoba goma da Allah ya saukar wa Fir'auna. A wurinmu, in an zo nan, mai jan karatu yakan ambaci kowace annoba ya tsiyaya ruwan inabi kaɗan a wani tsohon kwano da ba a damu da shi ba. Kowa ya juya fuska, ba a kallo. In an gama, uwar gida ta fita da kwanon ta bayan gida ta zubar, ba mai ɗanɗanawa. Haham ya ɗaga kofinsa, ya ce a kawo kwano. Palomba ta sunkuya ƙarƙashin kujerarta, ta ɗauko tukunyar Sarota, ta dire ta a tsakiyar teburi.

"Palomba!" in ji Haham.

"Abin da za ka zuba, kai za ka sha?"

"A'a, amma..."

"Akwai mai sha a ɗakin nan? Mentesh, za ka sha?"

Mentesh ya ƙura wa rufin ɗaki ido kamar yau ya fara ganinsa.

"To zuba, Haham. Ba ci, ba sha, ba kuma kulle. Ta yi Idi da uwata, ta yi da kakata, yau ma za ta yi."

Haham ya dubi tukunyar. Ana ganin yadda yake laluben littattafan da ke kansa ɗaya bayan ɗaya, bai samu inda zai kama ta ba. A ƙarshe ya ce, "To ki juya fuska kamar kowa."

"Na ga goman nan da idona, na ga abin da ya fi su. Ba zan juya wa ruwan inabi fuska ba."

Sai ya kawar da tasa fuskar, ya fara. "Jini." Ruwan inabi ya ɗiga a gindin tukunyar. "Kwaɗi. Kwarkwata." Mentesh ya sosa wuya ba da saninsa ba, wata mata a gefe ta yi dariyar da ta koma kuka. Ya ci gaba, ƙanƙara, farin dango, duhu. Palomba na tsaye, hannayenta biyu a kan hannayen tukunyar, idonta a ciki ƙyam.

Da ya zo ta goma, mutuwar 'ya'yan fari, sai muryar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ba ta fito ba. Kofin ya karkace a hannunsa, ruwan inabin ya fara zuba a kan mayafin teburi. Kowa a ɗakin ya san sunan ɗansa da ya rasa, ba wanda ya iya motsi. Palomba ta ɗaga tukunyar ta kai ta har ƙarƙashin kofin, ta ce a hankali, muryar da ba a san tana da ita ba, "Zuba, Baba. Tana da zurfi, za ta ɗauka."

Haham Barzilai ya juyo da fuskarsa. Ya dubi cikin tukunyar, ya faɗi kalmar da ƙarfi, ya juye kofin duka.

Ba ta bi ta bayan gida ba. Ta buɗe ƙofar gaba, ta tsaya a tsakiyar titi inda maƙwabta ke gani ta tagoginsu, ta kwarara shi a ƙasa. Ta dawo ta ɗauraye tukunyar, ta jawo kujera guda ta ɗora ta a kai, a gefen da uwarta takan zauna. Sannan ta ce, "Ku ci ƙwan nan. Ba daɗi, amma halal ne."

Ta yi tsawon rai, ta haifi 'ya mace ta sa mata Sarota, ta binne Mentesh, ba ta daina gardama ba ko a gadon asibiti. Haham bai sake cin Idi a wani gida ba sai nata. Duk shekara sai ya ce har yanzu bai ga wannan al'ada tata a littafi ba, ita kuma ta ce ya ci gaba da dubawa, amma kafin nan ya zuba. Da tsufa ya kama ta, wasu masu tara kayan tarihi suka zo suna roƙo ta ba su tukunyar su sa a akwatin gilashi jama'a su riƙa gani. Ta tambaye su ko akwatin yana da makulli. Suka ce ƙwarai kuwa, mai kyau ma. Ta nuna musu ƙofa.

Tukunyar tana gidan 'yarta Sarota yanzu. In an zo wurin annoba, baƙo ne kaɗai yake juya fuska.