Jan Zaren Kwalbar Kaka

Mu biyar ne a tsakar gida ran nan. Kaka Yalwa, mahaifiyar Baba, tana kwance a gindin darbejiya. Inna tana surfe. Gwaggo Ladi tana tuyar ƙuli-ƙuli. Baba ya sauko daga motar Birni, ko ƙafa bai wanke ba. Sai ni, 'yar shekara goma. Ranar Laraba ce, an gama cirar gyaɗa, shekara ta biyu da aka ajiye fam da sule aka kama naira. Kaka ta kwana tara da zazzaɓi, ko kunu ba ya wuce mata, malamin asibitin Kunci ya ce a nemo mata lemon zaƙi. Baba ya kwance bakin jaka, guda goma sha biyu suka gangaro kan tabarma. Mu a lokacin goruba muka sani da kanya da magarya. Lemon zaƙi sai dai mu ga ɓawonsa a tasha.

Kaka ba ta da ƙarfin tsotsa, sai Inna ta ce in matse mata a kwalba. Ba kowace kwalba ba ce, ta awon man gyaɗar Kaka ce, koriya, da jan zare ɗaure a wuyanta. Duk unguwarmu an san zaren nan: sai mai ya taɓa shi, sannan Kaka ta ɗiga gyara a kai. Da ciwo ya kwantar da ita ta ce ni zan riƙa auna wa masu saye, har na gama yi wa ƙawayena fankama a bakin rijiya. Na zaga bayan rumbu da wuƙa da rariya. Da farko yatsa kawai na lasa. Daga nan na ce bari in ji rabi. Kafin in ankara uku sun tafi, na matse sauran har hannuna ya yi tsami, ruwan ya tsaya saura yatsu uku ya kai zare. Na leƙa, ba mai kallona. Na ɗebo moɗa guda a randa na cike.

Kaka ta ɗaga kwalbar ta kalli rana ta cikinta, ta kurɓa, ta ɗan juya a baki. "Takwara," ta ce, don sunanta na ci, "wannan lemon a rijiyar gidanmu ya girma?" Gwaggo ta yi ta dariya har ƙulinta ya kama, Inna ta jingine taɓarya tana neman tsumagiya, Kaka ta hana. Ta shanye tas, sannan ta ce, "Da rabi kika kawo kika ce rabi ne, da na sha na sa miki albarka." Ta miƙa wa Gwaggo kwalbar, ta ce daga yau ita za ta riƙa awo. Wallahi da duka aka yi min da ya fi sauƙi.

Wata biyu ina ɓare gyaɗa, ina suya, ina wanke turmi, amma ban isa in taɓa kwalba ba. 'Yan mata suka mayar da ni waƙa a wurin 'yar gala-gala. Rannan Kaka ta warware, Gwaggo ta tafi barka, wata maƙwabciya ta shigo sayen mai. Kaka ta ce in zuba. Na juye abin da ya rage a tukunya, ya gaza da yatsa ɗaya. Matar ba ta ma duba ba. Na ce mata bai kai zare ba, ta jira na gobe ko ta rage kuɗin. Kaka tana tsifar kanta, ko kallona ba ta yi ba, amma daga ranar ba ta ƙara karɓar kwalbar daga hannuna ba. Kwalbar tana ɗakina har yau.

Abin da ya tono min wannan, jikata Hafsa ce da ke aiki a Birni. Duk ƙarshen wata takan kawo min lemon kwali daga irin kantin nan da ake tura keken zuba kaya, farashi manne a jikin kanta, ba tayi ba gyara. Watan jiya ina ɗagawa na ce mata an rage shi. Ta yi dariya, wai Hajiya kin fiye sa ido, kwalin ɗaya ne, kuɗin ma bai canza ba. Ni ban shiga aji ba, amma hannuna ya shekara hamsin yana awo. Na ɗauko tsohon kwalin da nake ajiye irin kuɓewa a ciki, na ce ta karanta min duka biyun. Tsohon lita ɗaya cif. Sabon an ƙara masa tsawo an matse masa ciki, bai kai lita ba. Da ta gama karantawa, ta ce ai dai sun rubuta. Sun rubuta kam, can ƙasa, da rubutu kamar ƙafar tururuwa, don masu ido da boko. A da mai awo yana zaune a gabanka, ka san ƙofar gidansa, ka san wadda ta haife shi. Yanzu ban san fuskar wanda zan kalla in tambaya ba.

Washegari da safe na aika tasha aka sayo min lemo goma sha uku. Na zauna a gindin darbejiya na matse sha biyu a kwalbar Kaka har ya taɓa zare, na miƙa wa Hafsa, na yanka cikon na goma sha ukun na ɗiga mata gyara.