Sunan da Inna Ta Tsallake

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai, yaro," take ce mini, har furfura ta fito mini a gemu. Ina ƙarami abin na ci mini rai, don ƙannena ana kiransu da sunansu tun daga bakin tafkin Madarunfa, ni kuwa sai a yafuto ni da hannu. Da na girma na daina nunawa, amma ban daina so ba.

Ciwon daji ya kama ta a baki. A Yamai aka yanke mata ganɗa, aka sa mata ta roba. Kafin a sa, maganarta ta hanci take fita, ba mai ganewa. Bayan wata biyu na kai ta asibiti a Maraɗi a gwada yadda take magana da robar. Ma'aikaciyar yarinya ce mai fara'a, tashin birni. Ta ajiye waya tana ɗaukar murya, ta sa Inna ta ce gero, kaza, tukunya, ta yi ƙirge har goma. Duk suka fito, sai ɗan huci.

Sai ta ce, "To Inna, hwaɗa mini sunayen ɗiyanki, tun daga babba."

Wallahi na yi kwaɗayi. Na ce yau dai likita ce ta sa, kunya ba ta da wurin zama.

Inna ta yi shiru, ta ja numfashi, sannan ta fara daga mai bi mini. Ta jero biyar tsaf.

Yarinyar ta duba takarda ta ga shida. Ta ce wata ƙila harafin farkon sunan babban ne robar ke hana ta faɗa, sai an cire an gyara.

Inna ta dafe baki. "A'a ɗiyata, ki bar mini abuna. Lahiya lau yake. Wanga na hwari ne, ga shi nan zamne."

Yarinyar ta rufe fuska tana ba da haƙuri, muka yi dariya. Na roƙe ta ta tura mini muryar.

Inna ta rasu da damina ta biyu. Ina kewarta ƙwarai. Idan na kunna muryar, ba na sauraron sunayen ƙannena. Shirun nan na farko nake maimaitawa, inda ta ja numfashi, don nan ne wurina.