Gaz Ɗin da Rana ke Shanyewa

Sahabi ya shekara goma sha tara yana facin taya a bakin tashar Tanut kafin ya zama Alhaji. Waɗanda suka san shi a lokacin suna tuna shi durƙushe gaban rabin gangar ruwa, yana juya roba a hankali har kumfa ta nuna masa inda ƙaya ta shiga. Hannunsa mai kyau ne. Shi kansa bai cika son a tuna ba.

Da gaz ya fara shiga gidaje, itace kuma ya yi nisa da gari, sai ya sayar da injin iskarsa ya kama shago kusa da kasuwa. Ya je Damagaram ya samo takardar izini, ya sa ta a gilashi ya rataye. Tare da ita aka ba shi wata mai jerin ƙa'idoji, wadda ta ce kowane tulun gaz, kafin ya bar shago, a shafa wa bakinsa ruwan sabulu a duba ko zai yi kumfa, a kuma duba ƴar robar da ke ciki. Wannan ta biyun ita ya shimfiɗa a ƙarƙashin kwanon goronsa.

Ba wai bai iya ba. Amma mutum mai babbar riga da sabon haƙorin Makka bai dace a gan shi da kumfa a hannu ba, ga bidon, wato jarkar ruwa, kuma a Tanut da rani sai an bi layi. Sai ya ƙirƙiro nasa gwajin. Yakan ɗan sunkuya, ya kara kunne a bakin tulu, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, sannan ya buga gefen da zobensa sau biyu.

"Lafiya lau yake. Ɗauki."

Mutanen gari idan tulu ya yi musu wari sukan dawo da shi da yamma su yi faɗa. Makiyayan arewa ba su da wannan dama. Sai ranar kasuwa suke zuwa, su ɗaure tulu a bayan babur ko gefen raƙumi, su yi yini ko kwana biyu a hanya, iska na kwashe warin ta baya. Cikinsu akwai Almustafa, wani mai awaki daga wajen Tenhiya, wanda matarsa ta gaji da tafiyar neman itace. Ya sayi tulu cike, ya isa gida, bai yi sati ba wuta ta mutu. Kasuwa ta zagayo ya dawo da shi.

Sahabi ya girgiza tulun, ya tambaya, "A ina ka ɗaura shi?"

"A bayan babur."

"Cikin rana?"

"Alhaji, hanyar Tenhiya akwai inuwa ne?"

"To ai ka ji. Abin nan ruwa ne a ciki, ba ka ji yana motsi? Ka bar ruwa a rana kwana biyu, sa'annan ka zo ka tuhumi mai shago. Salkarka ma haka kake yi mata?"

Maganar ta yi wa Almustafa kama da abin da ya sani. Ya sake sayen wani, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ya tafi. Kafin damina, duk wani tulu da ya nufi arewa daga Tanut sanye yake da buhu, ana tsayawa a rijiya a shayar da shi kamar dabba. Wanda nasa ya kai lafiya ya gode wa buhu. Wanda nasa ya ƙare a hanya ya zargi kansa da rowar ruwa. Gindin tuluna ya soma tsatsa. A majalisa kuwa Sahabi yakan ce shi ya wayar wa mutanen daji kai, ba ko sisi.

Shekara biyu ana haka. Wata ranar kasuwa da hantsi, mota ta sauke wata ma'aikaciyar bincike daga Damagaram, Ruƙayyatu sunanta, da jaka a kafaɗa. Sahabi ya ji labarin zuwanta tun jiya, ya share shago, ya ciro takardar ƙa'idoji ya goge mata jan goro ya liƙa a bango. Ya sa aka kawo mata kujera da lemo mai sanyi. Da komai ya tafi daidai, sai ga Almustafa ya tsaya da babur a ƙofa, tulunsa na ɗigar ruwa.

Ta dubi buhun, ta dubi mai shi. "Malam, wannan fa? Zazzaɓi yake yi?"

"Don kada rana ta shanye shi ne, Madam."

"Wa ya gaya maka rana na shan gaz ta cikin ƙarfe?"

Almustafa ya nuna da haɓa, cikin girmamawa. "Alhaji ne ya taimake mu."

Ruƙayyatu ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jaka ta fito da gorar ruwa da guntun sabulu da soso, ta ajiye a kan teburin.

"Baba, nuna mini yadda kake gwadawa."

"Ƴata, ni da kunne nake ji. Shekara nawa ina..."

"Na yarda. Yau dai a yi da sabulu, don idona ya gani."

Mutane sun riga sun taru, masu albasa da masu jiran mota. Sahabi ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Hannun bai manta ba. Ya kaɗa kumfa daidai kauri, ya zagaya bakin tulu da soso sau ɗaya, kamar jiya ya bari. Wani tsohon direba daga baya ya ce, "Sahabi mai faci, ashe kana nan," aka ɗan yi dariya.

Tulu na farko shiru. Na biyu shiru. Na uku ya tayar da ƙwayoyin kumfa, ɗaya na bin ɗaya. Cikin ashirin da biyu da ke jere, shida suka yi haka, har da wanda ya riga ya ware wa Almustafa. Ta sa ya ciro robobinsu, duk sun bushe sun tsattsage. Sababbi kuwa suna cikin leda a kan kanta, tun ranar da aka buɗe shagon ba a kwance ba.

Almustafa ya daɗe yana kallon kumfar. Sannan ya kwance buhun daga nasa tulun, ya matse ruwan a ƙasa, ya ninke shi.

"Ashe ba rana ba ce," ya ce, ba da kowa yake ba.

Ruƙayyatu ta sa aka fitar da shidan waje, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta miƙa hannu ta sauke takardar izinin daga bango. Sahabi ya bi ta har mota yana ce mata ƴata, yana tambayar ɗiyar wane ne ita a Damagaram, ko ya san mahaifinta. Ta ce ya gaida gida.

Takardar ba ta dawo ba. Makiyaya suka koma wurin wani Ilyasu a can ƙarshen layi, wanda ke ajiye kwanon kumfa a bakin ƙofa, kuma su da kansu suke tsugunawa su duba kafin su ɗaure. Sahabi yanzu gishirin dabbobi da igiya yake sayarwa a shagon. Idan baƙo ya tambaye shi ina gaz, yakan ce ciwon baya ne ya sa ya bari, tulunan sun yi masa nauyi. Waɗanda ke zaune a kan benci sukan ce Allah ya ƙara sauƙi, su koma zancen hatsi.