Kwanukan Da Na Ɓoye Wa Likita

Lokacin da abin nan ya faru ni matar soja ce a Azare, ina ɗinki a cikin gida, kuma babu abin da na tsana kamar a ji sirrin gidana a waje. Maigidana ya dawo daga dajin Borno da ɓaraguzan bam a cinya, yana dogara sanda, aka sallame shi daga aiki. Kwamitin likitocin soja ya duba cinyar, ya sa shi a ƙaramin matakin nakasa, irin na wanda zai iya komawa gona. Yayansa ne ya shigar da ƙorafi a sake dubawa, domin sai a babban mataki ake haɗa mutum da likitan ƙwaƙwalwa, kuma shi ya san abin da ƙaninsa ke bukata ke nan.

Cinyar ba ita ce ciwon ba. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce in zubo abinci kwano huɗu. Su huɗu ne a motar da ta taka bam ɗin, shi kaɗai ya fito da rai. Yakan rakuɓe a gefe ya bar musu wuri, yana hira ƙasa-ƙasa, wani sa'in har da dariya. Ranar da na ratsa ta gaban tabarmar ya ce in riƙa kula, saura kaɗan na taka ƙafar mutum. Na ɗora wa kajina laifin cinye abincin, na sayar da su kaf, amma kwanukan ba su daina dawowa wayam ba, shi kuwa sai ƙara ramewa yake yi. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce iska ce, aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi. Ta kuma ja min kunne kada in bari a rubuta wa ɗanta hauka, domin muna da 'yan mata, kuma duk mai neman aure sai ya yi binciken gida. Wallahi ba ta tilasta ni ba, ra'ayinmu ne ya zo ɗaya.

Ranar da aka kira mu gaban kwamitin, maigidana ya buɗe ƙofa ya tsaya riƙe da ita, kamar mai jiran wasu su shige kafin shi. Wata likita mai manyan shekaru ta lura. Ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Ta juyo gare ni a hankali, ta ce ni ce nake kwana nake tashi da shi, ko akwai abin da nake gani a gida. Na yi murmushi na ce lafiyarsa lau, ƙafar ce ke sa shi jinkiri a bakin ƙofa. Ta sake tambaya, na sake rufewa, har da ɗan ɗaure fuska. Aka bar shi a matakinsa. A motar dawowa ya raɗa min cewa abokansa suna min godiya da ban tona su ba.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ya ce an kira su su koma bakin aiki. Na ɗauka zancensa ne na kullum, ko kai ban ɗaga daga keken ɗinki ba. A bakin kogin Katagum aka tsinci sandarsa, shi kuwa har yau babu labari. Wata Bafulatana mai tallan nono ta ce ta hango su suna shiga ruwan, ta yi musu magana ba su waiwayo ba. Yayansa ya ce mata mutum ɗaya muke nema. Ta ce ita dai huɗu ta gani.

'Yan matan da na yi wa ƙaryar sun yi aure, babu uba a wurin ɗaurin. 'Yar'uwa, idan naki ya dawo daga daji da ciwon da ido ba ya gani, ki faɗa wa likita komai, a yi ta surutun a unguwa. Ni na rufa wa gidana asiri na rasa mai gidan. Har yanzu in la'asar ta yi, sai in farga na jera kwano huɗu.